Yadda ake zana rufa-ido da layukan da ba su haɗuwa, daga kaye har wasan waya

Duk wanda ya taɓa buga Clash of Clans ko Age of Empires ya san wanga irin hoto ko da bai lura ba: kana kallon gari daga sama a ɗan karkace, amma gidan da ke can ƙarshen allo girmansa ɗaya da wanda ke nan ƙarƙashin yatsanka. Alhali ido ba haka yake gani ba. Ka tsaya bisa kwaltar da ta nufi Ɗan Isa ka miƙa ido, gefe biyun hanyar sai matsowa juna suke har su haɗe can nesa, turakun wuta suna ta gajercewa, babbar mota ta koma kaman kwalin ashana. Masu zanen Italiya ne suka zaunar da ƙa'idar wanga gani, tun daga Brunelleschi a birnin Florence farkon ƙarni na 15. Su kuwa masu zanen Sin da Japan da ke zane bisa doguwar takarda mai naɗi sun daɗe suna bin wata hanya dabam, layin da ya taso tare da ɗan uwansa haka za su tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙarshen takarda ba su haɗu ba. A 1822 wani malamin jami'ar Cambridge, William Farish, ya rubuta ƙa'idar irin wanga zane don masu haɗa injuna, shi ne ake kira izometirik, kuma har yau kafinta ko mai walda in an kawo mashi zanen kabad ko ƙofa irin wannan ya fi gane shi, tunda yana iya ɗora regil bisa takarda ya auna kowane gefe.

To amma akwai abin da aka yi hasara. Da ka hana abu ƙanƙancewa in ya yi nisa, ka ƙwace ma ido babbar hanyar da yake bambance abin da ke nesa da abin da ke sama. A takarda duka biyun hawa suke yi zuwa saman shafi. Duk rufa-idon da za mu yi a nan daga wanga gurbi guda yake fitowa, in ka kama shi sauran duk aikin hannu ne.

Kayan aiki

Kaye, wato littafin rubutu, mai ƙananan gidaje, irin na lissafi da kowane gida milimita 5 ne. Kireyon, wato fensir, mai kaifi, da gwam na gogewa, da regil, da biki baƙi, wato biro, na bi a ƙarshe, sai kala uku ko da kireyon ɗin kawai za ka danna shi iri uku. Duk ana samu wajen masu kayan lakkol a babbar kasuwa. In kaye mai manyan gidaje gare ka, wanda kowane gida ke da siraran layuka a ciki, shi ma ya yi, zan faɗi yadda ake ƙirga shi.

Mataki na farko: hanyoyi uku, ba na huɗu

A wanga zane hannunka hanya uku kawai yake da izinin bi. Gangaren dama: gida 2 dama, gida 1 ƙasa. Gangaren hagu: gida 2 hagu, gida 1 ƙasa. Sai tsaye: gida 2 sama. Ana iya bin kowace a koma baya, amma ba a ƙirƙiro wata. A kaye mai manyan gidaje kuwa gida 1 gefe da siraran layi 2 ƙasa shi ne gangare, cikakken gida 1 sama shi ne tsaye.

Izometirik na ainihi gangarensa digiri 30 ne, in kana da ekeri, wato regil mai kusurwa uku, mai 30 da 60 kana iya yin shi a farar takarda. Namu na biyu-da-ɗaya digiri 26 da rabi ne da ɗan ɗoriya, ido ba ya ma lura, kuma shi ne dai masu wasannin kwamfuta suka zaɓa, za mu zo wurin.

Yanzu gwada wanga kafin komai. Sa ɗigo. Yi taki ɗaya gangaren dama, taki ɗaya gangaren hagu, taki ɗaya tsaye. Ina ka tsaya? Bisa ɗigon da ka taso. A duniyar gaske wanda ya yi taki gabas, ya yi taki kudu, ya hau sama taki ɗaya, ai ya bar wurinsa da nisa, amma a takardar nan wuri guda ne. Wato abu da ke ƙasa can baya, da abu da ke kusa da kai amma a ɗage, suna iya faɗawa ɗigo ɗaya ba wanda zai ce ga bambanci.

Mataki na biyu: kub guda

Kub dai irin dunƙulen magi. Sa ɗigo tsakiya. Daga ɗigon ja layi ƙasa gida 2, ja wani zuwa sama-dama (2 dama, 1 sama), ja wani zuwa sama-hagu. Ka samu siffar Y. Sai ka kewaye ta: ɗigo na sama yana gida 2 bisa tsakiya, ka haɗa shi da bakin hannuwan Y biyu, daga bakin kowane hannu ka sauko gida 2, ka haɗa su da gindin Y. Abin da ya fito mai kusurwa shida ne, faɗi gida 4 tsawo gida 4, an raba shi fuska uku: ta sama, ta hagu, ta dama.

Bar ta sama fara, ta hagu ka shafa mata kireyon sama-sama, ta dama ka danne ta yi duhu. Wanga tsarin kala kar ka canza shi har ka gama shafin, duk fuskar da ke kallon sama fara, duk ta hagu tsaka-tsaki, duk ta dama baƙa. Rabin ƙarfin rufa-idon a nan yake.

Kafin ka wuce ka ɗan yi wasa da shi. Juya kayen kai ƙasa ka zuba ido, kub ɗin da ya kumburo zai iya komawa lungun ɗaki da ya lotsa ciki, kana ƙiftawa ya sake fitowa. Zana wani ba kala, ka ƙara layuka uku na baya da ba a gani, sai ka ga layi shida sun haɗu tsakiya, wani lokaci kub ne ana kallonsa daga sama, wani lokaci daga ƙasa, wani lokaci ma faifai ne shimfiɗe ba kub ba. Wani masanin duwatsu ɗan Suwizalan, Louis Albert Necker, ya rubuta labarin irin wanga juyi a 1832, yana duba zanen ƙwayoyin dutse ya ga suna juye mashi. In ka jera kub ɗin nan da yawa manne da juna ka samu adon daɓe da tun zamanin Rumawa ake yi, wanda in ka daɗe kana kallo matakalar da ke hawa sai ta koma rufi da ke rataye.

Mataki na uku: alwatikan da ba ya ginuwa

Nan ne daɗin yake, kuma nan ne mutane suka fi ɓacewa saboda suna son su kwaikwayi hoton da ido. Kar ka kwaikwaya, ƙirga.

Fara daga wajen saman shafi ɓangaren hagu, ka bar gida 3 ko 4 daga baki. Sa ɗigo ka rubuta 1 ƙarami da kireyon. Yi taki 5 gangaren dama kana sa ɗigo kowane taki: 2, 3, 4, 5, 6. Daga 6 yi taki 5 gangaren hagu: 7, 8, 9, 10, 11. Duba, 11 ya kamata ya kasance daidai ƙarƙashin 1, gida 10 tsakaninsu, in ba haka ba ka yi kuskuren ƙirga, koma. Daga 11 ka hau tsaye gida bibbiyu: 12, 13, 14, 15, taki na gaba ya faɗa bisa 1. Ɗigo 15 kenan, kowane ɗigo tsakiyar kub guda ne, duka zanen bai wuce santimita 7 kowane gefe ba.

Doka guda ce: kowane kub yana rufe wanda ya gabace shi. 2 ya rufe 1, 3 ya rufe 2, haka har 15 ya rufe 14. Duk wannan gaskiya ne, ana iya gina shi da bulo. Ƙaryar guda ɗaya tak ce, a ƙarshe 1 ya rufe 15. Kaman dagin da ake ɗinkawa a gaban riga ne, kowane zare ya hau wani kuma wani ya hau shi, ba wanda ke saman kowa.

Hanyar da ta fi sauƙi, ka zana kub na 1 cikakke da hannu mara nauyi, ka zana na 2 ka goge duk layin na 1 da ya shiga cikinsa, ka ci gaba haka. Za ka ga a hannun farko, daga 1 zuwa 5, fuskar sama da ta hagu kawai suka rage. Daga 6 zuwa 10, sama da dama. Daga 11 zuwa 15, hagu da dama. In ka zo 15, kar ka zana mashi fuskar sama, kub na 1 ne ke zaune a kansa. Kuma akwai wani ɗan yanki mai kusurwa uku a fuskar damar 15 da kub na 2 ya shiga gabansa, bar ma 2 wurin. Wanga ɗan yanki shi ne ake mantawa, in ka bar shi ga 15 sai zanen ya zama ginshiƙi tsaye gaban katako kawai, ba abin mamaki. Haka ma a sauran kusurwoyin biyu, 7 yana cin ɗan yankin 5, 12 yana cin na 10.

Sai kala. In ka yi daidai za ka ga kowace kala ta yi lanƙwasa guda: fara ta bi hannu na farko da na biyu, baƙa ta bi na biyu da na uku, tsaka-tsaki ta bi na uku ta dawo na farko. Da wannan ake gane an yi daidai. In kana son shi sumul ka goge layukan da ke raba kub da kub, ka bi gefuna da biki.

Yanzu sa yatsa ka rufe kusurwa guda, ko wace ce. Abin da ya rage lafiya lau yake, kafinta zai iya yi maka. Ɗauke yatsan, kai ya ɗaure. Dalili shi ne ido kusurwa-kusurwa yake karanta zane, kowace ya duba ya ga ba laifi sai ya yarda, kafin hankali ya haɗa lissafin duka ya ga katako uku da kowane ke tahowa wajenka ba yadda za a yi su dawo mafari.

Wani ɗan Suwidin, Oscar Reutersvärd, shi ya fara zana shi a 1934 yana saurayi, da kub 9 da ba su manne ba, har ƙasarsa ta buga siffofinsa bisa kan sarki na wasiƙa a 1982. Roger Penrose da mahaifinsa Lionel suka sake gano shi da kansu suka buga a wata mujallar nazarin halayyar ɗan adam a Ingila a 1958, shi ya sa sunansu ya bi shi. Roger ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2020, a kan wani aiki dabam. Daga nan M. C. Escher ɗan Holand ya ɗauka ya yi zanen nan na 1961 da ruwa ke zubowa daga sama ya juya injin niƙa, ya bi kwata yana gangarawa har ya iske kansa a sama kuma.

Af, ga masu ƙyamar zana mai rai, wanga fanni ba mutum ba dabba, layi ne da kala zalla.

Mataki na huɗu: matakala mai hawa har abada

Ita ma ta Penrose ce, Escher ya yi ta a 1960 da mutane suna zagaye bisa rufin gini. Ta fi alwatikan wuya kaɗan amma lissafin ɗaya ne. Juya kayen a kwance don faɗinta zai kai gida 40, ko ka ciro takardar tsakiya mai shafi biyu.

A nan za mu ninka ma'auni. Kowane matakin ƙafa fuskar sama ce kawai, faɗi gida 8 tsawo gida 4, kuma kowane ya fi na bayansa tudu da gida 1. To in kana tahowa gangaren dama, ka yi 4 dama 2 ƙasa sannan ka hau 1, ya zama 4 dama 1 ƙasa. In kana komawa baya kuwa 2 sama da hawa 1, ya zama 3 sama. Sa ɗigon farko a sama, wajen gida 12 daga bakin hagu. Yi taki 6 na 4 dama 1 ƙasa. Yi taki 6 na 4 hagu 1 ƙasa. Yi taki 2 na 4 hagu 3 sama. Yi taki 2 na 4 dama 3 sama. Ka dawo mafari, taki 16, kuma kowane ɗaya hawa ne.

Kewaye kowane ɗigo da fuskar matakin: gida 4 dama, 4 hagu, 2 sama, 2 ƙasa, ka haɗa. A dogayen ɓangarorin biyu na gaba yana rufe gefen na baya, ba a ganin goshin matakin don ya ba ka baya. A gajerun biyu kuwa za ka ga tazarar gida 1 tsakanin mataki da mataki, wannan shi ne goshin, ka haɗa shi da gajerun layuka tsaye ka ba shi kala. Daga nan ka sauko da layuka tsaye daga kusurwoyin waje na ɓangarorin gaba biyu, ka rufe gindin ginin da gangaren nan namu na biyu-da-ɗaya, ramin tsakiya kuma ka cika shi da duhu don kar ido ya samu abin aunawa a ciki.

Sirrin a rashin daidaiton ɓangarorin yake, 6, 6, 2, 2. Gini mai kusurwa huɗu na gaske ai gefe da kishiyarsa tsawo ɗaya suke, a nan rarar taki 4 ta kowace hanya ita ta cinye hawan gida 16 ɗin. Kana iya canza adadin, in dai rarar gangaren dama da ta gangaren hagu da jimillar hawan sun zo ɗaya a ma'aunin taki. Ni dai a ganina alwatikan ya fi ta kama ido a takarda, matakalar sai an sa mata ɗan abu da ke hawa, ko kibiyoyi, kafin mai kallo ya farga da matsalar.

Mataki na biyar: gina shi a ɗauki hoto

Na ce alwatikan ba ya ginuwa, to amma ana gina abin da daga wuri guda tak yake kama da shi. A birnin Perth na Ostareliya akwai ƙaton na ƙarfe a tsakiyar shataletale, in ka zagaya gefe sai ka ga ƙahoni ne a buɗe.

Samo dunƙulen magi 16, ko ka yanka sabulun wanki ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji kub-kub daidai wa daida. Shimfiɗa 6 a jere bisa daɓe. Daga na shida ka karya kwana ka jera 5. Bisa na ƙarshe ka ɗora 5 su yi hasumiya. Ka tsaya ta inda hasumiyar ke kusa da kai, kub na farko kuma yana can bayanta sak. Ana son waya ta kalli abin daga tudun digiri 35, a sauƙaƙe in ka ja baya mita 2, ka riƙe wayar mita 1 da santimita 40 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum kenan. Sai ka ja zum. Kar ka matso kusa, kyamara irin ido take, in ka matso hasumiyar za ta fi na baya girma asiri ya tonu, nisa da zum su ke sa layukan su yi kaman ba su haɗuwa. Matsa kaɗan-kaɗan har kan hasumiyar ya rufe kub na farko ɗaf.

Saura ɗan yankin nan da na ce ana mantawa. Gefen hasumiyar ta ɓangaren da jerin farko ya nufa yana rufe kub na biyu, alhali so ake na biyun ya fito gaba. Sa wani ya riƙe wayar kar ta motsa, kai kuma ka je da biki yana gaya maka inda gefen jerin baya ya ratsa, ka sa alama, ka yanke wurin a karkace da reza. Shi ya sa sabulu ko soso ya fi magi, magi marmashewa yake. Ku yi shi ƙarƙashin rumfa ko da hantsi cikin inuwa, ranar Maradi in ta buga kai tsaye inuwar hasumiyar za ta faɗi bisa daɓe ta nuna ma kowa inda take tsaye. In an gama hoton a ɗauki bidiyo ana zagayawa a hankali, lokacin da alwatikan ya ɓalle gida biyu shi ne abin da ke sa ƴan fada ajiye kofin shayi.

Mataki na shida: a cikin wasa

Allon waya da na kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, fiksel. Layin digiri 30 in an yi shi da fiksel yana fitowa da karkace-karkace mara tsari, amma fiksel 2 gefe 1 ƙasa yana tafiya sumul, shi ya sa tsoffin wasanni suka riƙe biyu-da-ɗaya. A 1982 aka fito da Q*bert, wani ɗan halitta mai dogon hanci da ke tsalle bisa dalar kub 28, da Zaxxon na kamfanin Sega mai jirgin yaƙi. Masu Zaxxon sun ci karo da matsalarmu tun ranar farko: ɗan wasa ba ya iya sanin jirginsa sama ya yi ko gaba, sai suka sa mashi inuwa a ƙasa da ma'aunin tudu a gefen allo.

In kana koyon haɗa wasa ga lissafin. A ce kowane fale-falen daɓe faɗinsa fiksel 64 tsawonsa 32. Ba kowane abu lamba uku: a na gangaren dama, b na gangaren hagu, c na tudu. Wurinsa a allo ta gefe shi ne a a cire b, sau 32. Ta ƙasa kuwa a a tara da b sau 16, a cire c sau 32. Gwada da 0, 0, 0 ka samu sifili da sifili. Gwada da 3, 3, 3, ta gefe sifili, ta ƙasa 96 a cire 96, sifili. Ga shi nan, wurare biyu, ɗigo guda.

Monument Valley da kamfanin ustwo na Landan ya fitar a 2014 a kan wanga abu aka gina shi gaba ɗaya, kafin shi kuma akwai Echochrome na Sony a 2008. Dokarsu ita ce in hanya biyu sun haɗu a ido to sun haɗu, ƴar wasan tana iya takawa ta wuce ko da a lissafi ɗaya na ƙasa ɗaya na bisa hasumiya. Yadda za ka yi naka: duk lokacin da ɗan wasa ya juya wani ɓangare, ka lissafa wurin bakin kowace hanya a allo, duk biyun da suka faɗa wuri guda ka haɗa su a jerin wuraren da ake iya takawa, in an sake juyawa ka raba su. Da yake girman mutum ba ya canzawa da nisa, kana ɗauke shi daga 0, 0, 0 ka ajiye a 3, 3, 3 ba wanda zai ga ya yi tsalle. A wasan da ke da hangen ido na gaske wanga ba ya yiwuwa, nan take zai kumbura.

Gwada shi a kaye tukuna. Zana ɗan dandali a ƙasa can baya, zana ginshiƙi mai tudun taki 3 da gindinsa ke taki 3 gangaren dama da taki 3 gangaren hagu daga gefen dandalin, za ka ga kansa ya zo daidai da daɓen, sai ka shimfiɗa katako daga kan ginshiƙin zuwa dandalin a miƙe ba hawa ba sauka.

Wurin jera wa ke gaban wa, ka tara a da b da c, mai ƙaramar jimilla a fara zana shi, mai babba ya hau kansa. Wanga tsari yana aiki ko'ina sai a mahaɗar ƙaryar, don can 1 na rufe 15 alhali jimillarsa ce mafi ƙanƙanta. Maganin shi ne ka raba kub ɗin mahaɗar fuska-fuska ka ba kowace fuska layinta da hannu. Masu Blender kuwa, manhajar gina siffofi a kwamfuta da kyauta ake sauke ta, ku mai da kyamara Orthographic, wato kallon da layuka ba su haɗuwa, juyin X ya zama 54.736, na Y sifili, na Z 45, lamba 5 ta gefen kibod tana sauya kallon aiki tsakanin wannan da irin hangen ido. Da wannan ba sai an ja baya an yi zum ba, samfurin magin nan namu zai haɗe ɗaf.

In kuma ba ruɗin kake so ba

Yawancin wasanni da zanen gini gudun wanga ruɗi suke yi, mai wasa ya yi tsalle yana zaton dandali na gabansa ashe yana sama, ya faɗa rami ya goge wasan don haushi. Inuwa ita ce magani na farko, kuma a sa ta daidai ƙarƙashin abin ko da fitilar wasan a gefe take. Sai ƙafa ko ginshiƙi da ake gani har ƙasa, kowane hawa da kalar daɓensa, na ƙasa ya fi duhu, in da hali a bar mai wasa ya juya filin kwata-kwata. Kuma lokacin tsara fili ka guji ajiye gefen abu mai tudu ya faɗa daidai bisa layin daɓe na baya, matsar da shi rabin gida kawai ya isa ido ya raba su. Haka in za ka kai ma mai walda zanen matakalar bene, rubuta mashi tudun kowane wuri da lamba, kar ka dogara da zanen kaɗai.

Mai son ya ɗora alwatikan a bangon shago ko allon talla, ya mai da kowane gida santimita 10, zanen zai zama mita 1 da santimita 40 kowane gefe. A buga layukan da igiyar da aka shafa ma alli, a sa ɗigo 15 ɗin, a zagaye gefuna da salatif na takarda kafin fenti. Fenti uku daga kala guda ya fi kyau, a zuba fari cikin kashi ɗaya, a bar ɗaya yadda yake, a ɗiga baƙi cikin na uku, kuma a fara shafa mai hasken a bari ya bushe kafin a matsar da salatif ɗin zuwa na gaba.